Fasfon mutane na cikin wayata, Oga kuma ya ƙi sayen wayar ofis

Maman Iman:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye a Kano, masu shirya Umara da yankan tikiti. Tun da na fara, lambata Oga ya buga a takardar talla da allon bakin ƙofa, wai mata sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu. To duk mai son tafiya, ta WhatsApp ɗina yake turo hoton shafin fasfonsa, da takardar NIN, da katin rigakafi, da shaidar biyan kuɗi mai ɗauke da lambar asusunsa. Wasu har da takardar haihuwar yara. Duk suna nan a cakuɗe da hotunan bikin ƙanwata.

Wayar nan kuma ba ni kaɗai ke riƙe ta ba. Ina shigowa gida Iman za ta karɓa ta kalli katun, ƙanena da ke zaune wurinmu ya ara ya hau intanet. Idan azumi ya ƙarato kuwa, sha ɗayan dare ana kira ana tambayar ko biza ta fito, har Baban Iman ya fara cewa shi bai san da ofis ya yi aure ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya wata Hajiya, tsohuwar kwastomarmu, ta kira ni. Bayan doguwar gaisuwa sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yata, tsakanina da ke, Alhaji ya biya wa amarya kujera a bana?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri, ba ni da hurumin faɗa. Ta ce ai ta san a wayata kowane fasfo yake sauka. Ta kai ƙarata wajen Oga cewa na yi mata rashin kunya, shi kuma ya ce in kira in ba ta haƙuri, wai ai gida ɗaya ne, mene ne abin ɓoyewa. Na yi masa maganar wayar ofis, ya ce kasuwa ba ta tafiya.

Idan wani abu ya fita daga wayar nan, ni za a kama ko kamfani? Kuma ta yaya zan shawo kansa ba tare da na rasa aikina ba?

Abu Sadiq:

Wa alaikumus salam. Ni ba lauya ba ne, amma a banki nake, kuma kowace shekara sai an zaunar da mu an karanta mana wannan. Abin da kika yi wa Hajiya daidai ne. Zama gida ɗaya bai ba ta ikon sanin abin da mijinta ya biya ba, balle ganin takardun abokiyar zamanta.

Akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Kafin ita ma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Ita dokar ta 2023 ta ɗora nauyin a kan wanda ya yanke shawarar karɓar bayanan da abin da za a yi da su, wato kamfanin. Shi zai tanadi inda za a adana su, kada a yi amfani da su sai don abin da aka karɓe su, kada kuma a riƙe su bayan buƙata ta wuce. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, cikin awa 72 ake so kamfani ya sanar da hukumar. Tarar ƙaramin kamfani tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta wuce, duk wanda ya fi yawa.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri, ranar da fasfon wata ya bayyana a inda bai kamata ba, layin da sunanki aka yi masa rajista, da NIN ɗinki aka haɗa shi, kuma Oga zai ce shi bai taɓa ganin hoton ba. Don haka ki rubuta masa buƙatarki a saƙo, cikin ladabi, ki ajiye amsarsa.

Mai gyaran waya:

Maman Iman, ni ƙanin nan naki ya fi ba ni tsoro, ba don mugunta ba. Yaran yanzu da kuɗi ya yanke musu sai su sauke manhajar bashi, ita kuwa abin da take fara nema shi ne izinin shiga lambobin waya da hotuna. Ya danna amincewa, shi ke nan, sunayen alhazanku sun tafi. Ranar da ya makara da biya, su za a tura wa saƙon cin mutunci. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 kan irin wannan.

Kafin Oga ya motsa, ki shiga saitin WhatsApp ki hana hotuna sauka cikin ma'ajiyar hotunan waya, ki kulle manhajar da zanen yatsa. Ki leƙa Google Photos, manhajar da ke ajiye kwafin hotuna a intanet, domin sau da yawa mutum ya goge hoto a waya amma kwafinsa na can a ajiye. Fasfon da aikinsa ya ƙare ki tura kwamfutar ofis ki share naki. Idan kuma za ki kai waya gyara, ki tsaya a kanta, kada ki bar ta da lambar buɗewa ki ce za ki dawo bayan la'asar. Allon waya ake canzawa, ba a buƙatar shiga hotunanki.

Dan Kwari:

Ku bar maganar doka don Allah. Wane ɗan kasuwa ne a garin nan ya taɓa ganin jami'in NDPC a ƙofar shagonsa? In ta ambaci tara, gobe ya ɗauki 'yar ƙanwarsa ya sa a kujerar. Ta sayi layi na biyu da kuɗinta kawai ta huta.

Anti Rabi:

Dan Kwari, rabin maganarka gaskiya ce. Kada ta je masa da doka. Amma layi da kuɗinta ba hutu ba ne, sunanta ne dai a kai, ta ƙara wa kanta kaya.

Maman Iman, na yi shekaru ina riƙe da littafin kwastomomi a shagon ɗinki, na san halin irin Oganki. Ta aljihunsa za ki shiga. Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci abinci, ki ce, "Yallaɓai, duk alhazan nan lambata suka sani, ba ta kamfani ba. In na tafi haihuwa, ko waya ta faɗi, ko Allah ya yi na bar aiki, wa za su kira?" Nan take zai ga kasuwarsa ce ke yawo a jakarki. Sannan ki ƙara masa da cewa, da kin faɗa wa Hajiya, a daren Alhaji zai ji daga inda maganar ta fito, kuma Alhajin ne mai biyan kujera uku-uku, ba Hajiya ba.

Ita kuma Hajiya ki kira ta, girmanta ne. Ki ba ta haƙuri kan yadda ta ji, amma kada ki faɗa mata komai. Ki ce mata, "Hajiya, yadda na riƙe wannan, haka nake riƙe naki in wani ya tambaya." Za ta yi shiru, domin ita ma akwai tafiyar da ba ta so a sani.

Maman Iman:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba Google Photos, fasfon bara duk suna ciki, na share su. Hajiya ta amsa gaisuwata a daƙile, amma ta amsa. Oga ya yarda zai ba da tsohuwar wayarsa a sa WhatsApp Business, ta riƙa kwana a ofis. Saura layin, ya ce in je in yi rajista da NIN ɗina tunda ni zan riƙe. Na ce masa zan yi tunani. Malam Abu Sadiq, in na ƙi ban yi tsauri da yawa ba?

Abu Sadiq:

Ba ki yi ba. Ki ce masa layin kamfani da sunan mai kamfani ya dace, don kada wata rana ya nemi lambarsa a ce sai kin zo da kanki. Ki kuma tuna masa da allon bakin ƙofa, har yanzu lambarki ce a jiki.