Kayan gyaran injin tsohuwar mota: abin da masana suka ce

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada ka sayi komai sai ka karanta lambar da ke jikin injin, domin tsofaffin motoci da yawa an taɓa sauya musu inji. Fistan kuwa, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, a auna silinda, ramin da yake zama a ciki, tukuna. In an taɓa rarake ta, sai fistan mai ƙarin faɗi gwargwadon awon, kamar inci 0.020 ko 0.030, zai zauna daidai.

An ɗan yi saɓani kan tsohon kaya da ba a taɓa ɗaurawa ba. Ni dai ina tare da masu cewa ƙarfensa ya fi na sabon kaya inganci, amma robarsa ta bushe, sayi sabuwa. Wajen ɗaure kan silinda, wato murfin da ke rufe samanta, a fara daga notin tsakiya zuwa gefe, sannu a hankali.