Wace kalma za mu ba danƙon da aka fara yin cingam da shi?

Mai Shirin Yara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan tarihin cingam, kalma ɗaya ta tsayar da ni. Mutanen Maya da Aztek na ƙasar Meziko sun daɗe suna tsaga jikin bishiyar sapodila, su tara farin ruwan da ke fita, su dafa shi har ya yi kauri, su tauna. Sunansa a can chicle. Idan na ce "cingam suke taunawa", yara za su ɗauka na kanti ne mai takarda. Me zan kira shi?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙaro mana. Ƙaron tauna.

Ɗalibin Kimiyya: Malam, a gafarce ni, ƙaro narkewa yake a baki. Wannan kuwa ko wuni aka yi ana taunarsa yana nan. Danƙo ne. Ita sapodilar ma dangi ɗaya suke da kaɗanya a wajen masana tsirrai, kuma yaran ƙauye suna tauna danƙon kaɗanya tun fil azal. Hajiya, ki ce musu "danƙo irin na kaɗanya", nan take za su gane.

Tsohon Mafassari: Ni abin da ke damuna ita kanta cingam ɗin. Bakin Turawa ne aka lanƙwasa. Har yaushe za mu zauna muna aro? Na daɗe ina ba da shawarar "taunau".

'Yar Damagaram: Baba, mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara. Taunau ke nan mai taunawa, ba abin da ake taunawa ba.

Tsohon Mafassari: To fiddau fa, 'yata? Ai abin da aka fitar ne. Harshe yana da faɗi. Ku dai kun saba da aro ne, shi ya sa taku take muku nauyi.

'Yar Damagaram: Faransawa da duk kishin harshensu kalmar Ingilishin suke faɗa. Kuma Baba, duk lokacin da aka zo ƙirƙira, Hausar Kano ake aunawa da ita, mu ba a tambayarmu.

Malamin Firamare: Sabulu da makaranta fa? Ɗaya aro, ɗaya ƙira, duk namu ne yanzu.

Mai Shirin Yara: Don Allah mu dawo. Ga inda nake buƙatar kalmar. A shekarun 1860 tsohon shugaban Meziko Santa Anna, yana gudun hijira a New York, ya haɗa wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams da wannan danƙo don a yi roba da shi. Robar ta ƙi, sai Adams ya mayar da shi abin taunawa na sayarwa. Kafin shi, tun 1848 John Curtis yana sayar da wani na ƙaron itace a jihar Maine ta Amurka. Wani ɗan kasuwa kuma mai suna William Wrigley a Chicago kyautar cingam yake bayarwa ga masu sayen hodar gashin burodi, sai kyautar ta fi hajar farin jini, a 1893 ya fito da cingam mai suna Juicy Fruit. Dole yara su bambance ɗanyen abin da wanda kamfani ya sarrafa, musamman da yake bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawancin kamfanoni sun bar bishiya sun koma robar masana'anta.

Ɗalibin Kimiyya: To "danƙon tauna" ga na bishiya, cingam ga na kanti. Sunan zai ɗauki har abin taunawar da aka tono a Denmak mai shekara 5,700, na ɓawon itace da aka gasa.

Tsohon Mafassari: Danƙon tauna Hausa ce, na yarda da rabin. Cingam kam ba za ta fito daga bakina ba.

Mai Shirin Yara: Na gode Baba, na gode kowa. Da su biyun zan naɗa gobe in sha Allahu.