Filin ajiye motoci na korar mana kwastomomi a Gwarinpa, ta ina za a fara gyara?

Mai Shaguna:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai jerin shaguna da gidan abinci, gabansu fili mai tsawon mita 30, faɗi mita 17, jar ƙasa zalla. Da damina caɓi, da rani ƙura. Motoci 12 ne suke cika shi saboda kowa fakawa yake yadda ya ga dama, saura su wuce. Kwalta zan zuba ko intalok, wato duwatsun simintin nan da ake jerawa a ƙasa? Mota nawa ya kamata ya ɗauka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ajiye zancen kwalta tukuna, ruwa ne abin fara dubawa. A ba filin gangara ta kashi 2 cikin ɗari daga bakin shaguna zuwa kwata, wato a faɗin mita 17 ya sauka kimanin santimita 34. In babu wannan, duk abin da aka shimfiɗa damina ɗaya ta ishe shi, ka san ruwan Abuja tun Afrilu har Oktoba ne.

Intalok nake ba da shawara, domin in bututun ruwa ya fashe a ƙasa sai a cire, a gyara, a mayar. Amma ƙarfinsa yana ƙarƙashinsa. A kwashe ƙasar sama mai laushi, a zuba jar ƙasa ana yayyafa ruwa ana daɓewa da rola, kar kaurin kowane zubi ya wuce santimita 15. A bi da dakakken dutse santimita 15, a sake daɓewa, sannan yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 4 kawai. Masu aiki suna son cika yashi don su ɓoye rashin daidaiton ƙasa, shi ke sa wurin tayoyi ya lotsa. Filinka murabba'in mita 510 ne: dutse wajen kubik mita 77, yashi wajen 20, ban da ɗan ƙari na daɓe. Intalok ɗin ya zama mai kaurin milimita 80. Na 60 ya fi araha, amma ranar da tankar ruwa ko motar lemo ta hau, za ka ga aiki. A ɗaure gefe da dakalin kankare, a share busasshen yashi cikin tsagogi, in ba haka ba duwatsun za su riƙa buɗewa.

Lissafin motoci: kowace tana son mita 2.5 a 5. Layi biyu da hanyar mita 6 a tsakiya, mita 16 ke nan, ɗayar da ta rage ta masu tafiya ce a bakin shaguna. In aka cire wurin ƙofar shigar motoci za ka samu 19 zuwa 20.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Injiniya ya gama da ƙasa, amma Alhaji ka ƙirga motocin masu shaguna da yaransu tukuna. Su ke kame wuraren bakin ƙofa tun safe har dare. A tura su can ƙarshe. A ware kusurwa guda ga masu kai saƙo a babur, da wuri ɗaya mai faɗin mita 3.6 kusa da ƙofa saboda masu keken guragu da tsofaffi. Sai haske: mace ba za ta faka a duhu bayan magariba ba, ko abincinka ya kai me daɗi. Fitilun sola ko huɗu a kusurwoyi, su haska tsakanin motoci, ba fuskar titi kaɗai ba.

Injiniya:
Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da cewa ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, kowace mita 4, sun fi guda ɗaya, don ba wanda zai fita titi da baya. Layukan a ja su da fentin titi, faɗin santimita 10. Fentin bango ba ya jure taya.

Tsohon Birkila:
Ranka ya daɗe, kar a toshe kwatar gwamnati don yin mashiga. A ɗora murfin kankare mai rodi wanda za a iya ɗagawa a kwashe shara. In za ka kafa rumfa ko ka taɓa katanga, fara neman izinin sashen kula da gine-gine na hukumar Abuja kafin ka sayi ƙarfe. Batun inuwa kuma, kar ka dasa dogon yaro dab da intalok, saiwarsa ɗaga shi take. Mangwaro ma a'a, sai ya faɗo a gilashin kwastoma.

Mai Shaguna:
Na gode ƙwarai. Injiniya, ana iya yin rabi a bar rabi don kada kasuwa ta tsaya?

Injiniya:
Ana iyawa, da rani. A fara da kwata da ɓangaren da ke gangare, a tokare bakin aikin da katako mai kauri kafin a ci gaba.