Funfuna ta cika kwalba amma inzayim babu, ina matsalar take?

Ɗaliba daga Agege: Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin ƙananan halittu a taimaka min. Furojet ɗina kan samar da itanol ne daga tuƙar rake, buhu guda na kwaso wajen masu rake a kasuwar Mile 12 ta Legas na shanya na niƙa na shuka funfunar Trichoderma reesei a kai, don ta yi saurin tashi kuma sai na ƙara mata gulukos. Wallahi kwana 4 ta rufe kwalbar, amma da na auna inzayim ɗin selules, wato sinadarin da nake so ta fitar don ya narkar da tuƙar ta koma sukarin da za a yi itanol da shi, kusan babu komai. Wata biyu ya rage in miƙa aiki, ko barci bana iyawa.

Malami a Idi-Araba: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, gulukos ɗin nan shi ne ya ɓata miki aiki. Ita funfuna ba ta wahalar da kanta a banza, in ta samu sukari a sauƙaƙe sai ta rufe ƙwayoyin gadon da ke sa ta haɗa selules ta yi ta girma kawai, sai ta rasa abin ci banda selulos, wato zaren da ke cikin tuƙar, sannan take fitar da inzayim ta narkar da shi. Cire gulukos gaba ɗaya, in kina so ki zaburar da ita sa laktos (sukarin madara) kaɗan. Sannan me kika ba ta na naitirojin?

Ɗaliba: Amoniyam salfet kawai Malam.

Malami: To ki riƙa duba pH, wato ma'aunin tsami, don amoniyam salfet yana jawo tsami sosai. Haɗa da yuriya ko feftan (narkakken furotin) kaɗan, pH ɗin ya tsaya wajen 5, zafi kuma digiri 28 zuwa 30 na Salsiyos.

Wata Anti daga Obalende: Nima na sha wannan wahalar 'yar uwa. Tuƙar rake akwai lignin, sinadarin da ke sa itace tauri, shi ke kulle selulos ɗin, ki jiƙa ta a ruwan kostik soda marar ƙarfi ki wanke sosai, ki gauraya da dusar alkama, danshi ya zama in kin matsa a hannu ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Kuma Trichoderma ba ta da beta-gulukosides da yawa, wato inzayim ɗin da ke ƙarasa mai da selulos gulukos, funfunar Aspergillus niger ce gwanar wannan, shi ya sa wasu ke haɗa su. Don Allah ki sa takunkumi in za ki buɗe kwalba, ƙurar funfunar ba ta da kyau ga huhu.

Ɗaliba: Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe zan nemo dusar alkamar in sake sabon zubi kwalba uku, zan turo muku sakamako in sha Allahu.