Neman shawara: zan iya sayar da nokawut a shagona kafin Kirsimeti?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon tireda a Yelwa, nan Bauchi. Wani dila ya ce zai ba ni katan-katan na nokawut da mai tashi sama bashi, in biya bayan sabuwar shekara. Ribar ba laifi. To amma duk Disamba sai in ji 'yan sanda sun ce an hana. Doka ce ta gaske ko gargaɗi ne kawai? In an kama mutum me zai biyo baya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Sanarwar da rundunar 'yan sanda ke fitarwa gab da Kirsimeti ko Sallah ba sabuwar doka ba ce, tuni ne kan wadda ke nan. Akwai dokar abubuwan fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967, kuma shigo da su, ajiye su da sayar da su duk sai da lasisi daga ma'aikatar ma'adanai ta tarayya. Tambayi dilan nan takardarsa. In ya fara kame-kame, ka gane kayan ta bayan fage suka shigo. Ranar samame kuma kai za a tarar da kaya a hannu, ba shi ba: a kwashe su, a tafi da kai ofis, bashin yana wuyanka.

Ta biyu:
Ƙari kan bayanin da ke amsa ta farko. Nauyin hukuncin ya danganta da ɓarnar da ta biyo baya. Harba nokawut cikin jama'a kaɗai ya isa a tuhumi mutum da tayar da hankalin jama'a ko ganganci da rayukan mutane a ƙarƙashin Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, hukuncin kuwa tara ko ɗauri. In ya fasa idon yaro ko ya cinna wa shago wuta, magana ta girma, ga diyya a kai. Wanda aka kama ya sani beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Ta uku:
Alhaji, ni ajiyar ce ta fi damuna. Shagon tireda akwai ashana, maganin sauro na feshi, wani har da jarkar fetur ta janareta, ga rufin kwano ya sha rana, ga iskar hunturu ta busar da komai. Tartsatsi ɗaya daga soket ya wadatar, kuma katan ɗaya in ya kama sauran bi suke yi, ba a samun sararin kashewa. Haka aka yi a Jankara da ke Legas ranar 26 ga Disamba 2012: ɗakin ajiyar irin kayan nan ya tashi, wuta ta ci gine-ginen da ke kewaye.

Ta huɗu:
Ga iyaye da ke karantawa: nokawut ɗin da aka kunna ya ƙi tashi kada yaro ya ɗauka ko ya leƙa, sau da yawa wutar na cin lagwanin a ɓoye. A bar shi ya jima, sannan a jiƙa shi a bokitin ruwa. In an ƙone, a riƙa zuba ruwan famfo minti 20, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. In ido ne kada a murza, a rufe shi a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) kai tsaye.