Yadda ƙaramin manomi zai riƙe hatsinsa har damina

Malamin makaranta, daga Rabah:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowace tiyar gero, amma ƙananan manoman ƙauyenmu ba su amfana da tsadar ba. Da kaka suke sayarwa da araha domin su biya bashin taki, sannan a watan Agusta su koma kasuwar Achida suna awon tiya-tiya da kuɗin ƙwadago. Bara ƙanena ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, yana yi wa wani noma don ya samo na tuwon dare.

Dattijon manomi, daga Wurno:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara raba ƙanenka da cin falle, domin wanda ya karɓi kuɗi a kan hatsin da bai ko fitar da kai ba, ya sayar da rumbunsa tun kafin ya zuba dami ɗaya a ciki. Idan yana iya samun ko 'yar kadada a fadama, ya yi albasa da rani. Ni kuɗin albasa ne ke saya mini taki, gero kuwa ba na taɓa shi sai an yi shuka.

Mai sana'ar ƙosai, daga Bodinga:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ba kowa ke da fadama ba. Mu mata goma muka mayar da adashinmu na sayen wake da kaka. Muna zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, mu ɗaure kowace leda daban yadda iska ba za ta shiga ba, kuma ƙwari ba sa cin sa ko ba a sa magani ba. Sharaɗin kawai shi ne waken ya bushe sarai.

Limamin unguwa, daga Goronyo:
Ina tunatar da masu hali cewa zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce bisa goma, na ban ruwa kuma ɗaya bisa ashirin, idan ya kai nisabi. A fara da iyalan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Isa da Sabon Birni, domin su ba su da abin adanawa ma.

Malamin makaranta:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, buhun yana yin shekara biyu?

Mai sana'ar ƙosai:
Yana yi, Malam, matuƙar ɓera bai huda ledar ba. Ku ɗora shi a kan katako, nesa da bango.