Tsakanin Tiger Woods da Jack Nicklaus, wa ya fi?

Mai tambaya daga Birni: Assalamu alaikum. Jiya a fadarmu ta shayi nan Damagaram muka yi gardama kan wasan golf. Shin Tiger Woods ya fi Jack Nicklaus?

Amsa daga Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. Nicklaus ya ci manyan gasa 18, Woods kuwa 15, saboda haka a lissafi dattijon ne a gaba.

Amsa daga Sabon Gari: Yaya, lissafin bai tsaya nan ba. Woods ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasar nan, a 1997 yana da shekara 21, da tazarar bugu 12, sannan bayan tiyatar baya ya sake cin ta a 2019. A waya na kalli bugunsa na ƙarshe, lokacin da ya rungume ɗansa.

Amsa daga Mirriya: Malamai, kada a manta da Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda ya ci manyan gasa 9.